Kwalabe biyu a kan taransifoma ɗaya: abin da tsohuwar amfilifaya ke koya wa mai gyara

Jefi-jefi tsohuwar amfilifaya mai kwalba, wato bututun gilashi mai ƙara ƙarfin sauti, takan faɗo shagon gyara a Gusau ko Ƙauran Namoda, kuma yaron shago da ya tashi da tiransista sai ya tsaya yana kallonta. Alhali ya san tsarin: inbatar sola mai taransifoma, wadda ake ba wuta ta wayar tsakiya, ɓangarori biyu suna karɓa-karɓa, 'yar gidansu ɗaya ce.

A sashen ƙarshe na amfilifayar akwai kwalabe biyu iri ɗaya, misali EL34 ko 6L6GC. Babbar wuta, wajen bolt 450, tana shiga ta tsakiyar naɗin farko na taransifomar fitar da sauti, kowace kwalba kuma tana riƙe da baki ɗaya. Kafin su akwai ƙaramar kwalba, galibi 12AX7, mai raba sauti gida biyu masu saɓa wa juna. Idan wutar wannan ta ƙaru, ta waccan sai ta ragu, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Taransifoma ce ke haɗa rabi da rabi ta miƙa wa lasifika. EL34 biyu sukan ba da wajen wat 50, huɗu su ba da 100.

Duk amfanin tsarin daga daidaito yake fitowa. Wutar kwalaben tana bin naɗin ta fuskoki biyu masu karo da juna, don haka maganaɗisun da kowace ke sa wa ƙarfen taransifoma yana kashe na 'yar'uwarta. Gurnanin da ke biyo babbar wuta ma haka yake mutuwa, da wani kaso na gurɓatar sauti. Da zarar ɗaya ta fi ɗaya ja, gurnani zai taso, kaurin murya ya ragu. Shi ya sa ba a canza kwalba ɗaya a bar tsohuwa. Biyun ake canzawa tare, waɗanda aka auna aka ga sun dace.

Kunne ba ya saita bayas, mita ce ke yi. Bayas ita ce wutar nagetif da ake ba girid, ragar wayar da ke cikin kwalba mai sarrafa wutar da ke ratsa ta, domin ƙayyade abin da kwalba ke ja lokacin da babu sauti. A EL34 takan kama wajen bolt 35 zuwa 40. A sa rizista mai om 1 tsakanin katod ɗin kowace kwalba, wato ɓangarenta mai sakin elektiron, da jikin akwatin, a auna a kanta: milibolt nawa mita ta nuna, miliyam ke nan. EL34 tana jure wat 25, kuma masu gyara ba sa wuce kashi 70 cikin ɗari, wato wat 17.5. A raba da bolt 450, a samu miliyam 39. A ganina, a ƙasarmu kashi 60 ya fi, wajen miliyam 33, domin zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ga janareta da kan tura wuta sama da bolt 230 ba sallama. Bambancin kwalaben biyu kada ya wuce miliyam 5. Idan kuma aka rage abin da suke ja da yawa, kowace za ta saki kafin ɗayar ta kama, sai murya ta riƙa ƙirƙir, musamman in an yi ƙasa da ita.

Kwalbar da farantin cikinta ya yi ja, a kashe wuta nan take. Kafin a ɗora mata laifi a sauya musu gurbi. In jan ya bi kwalbar, ita ce; in ya tsaya a gurbin, a duba kafasitar da ke kawo sauti daga 12AX7. Idan ta tsufa takan yi yoyo, ta zubo wutar fozitif a kan girid ta cinye bayas, kuma sabuwar kwalba ma haka za ta ƙone. A duba rizistar sikirin, wato girid na biyu na kwalbar, mai om 1,000 a yawancin masu EL34, da ƙafafun gurbin kwalbar, inda ƙurar hunturu ke taruwa har wuta ta yi tsalle ta bar baƙin tabo.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe waɗannan injuna shi ne kunna su babu lasifika. Ƙarfin da ya taru a taransifoma ya rasa mafita, sai ya huda rufin naɗin, kuma samun irinta a kasuwa ba ƙaramin aiki ba ne. A lura da om: lasifikar hon biyu masu om 16, in aka haɗa fozitif da fozitif, nagetif da nagetif, sun koma 8, a bakin 8 za a ɗaura su. In an canza taransifoma injin ya kama ihu da kansa, an juya wayoyin kwalaben ne. A musanya su.

Manyan kafasitoci kuwa suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare soket. A sauke su ta rizista, ba da sukundireba ba, a tabbatar da mita, sannan a sa hannu.