Yardar wa aka samu? Aikin janye iskar kabon a ƙasar 'yan asali

A shekarar 2012 wani jirgin ruwa ya zuba kimanin tan 100 na garin sinadarin ƙarfe a tekun Fasifik, yamma da tsibiran Haida Gwaii na Kanada. Nufin shi ne ƙananan tsirran teku su yawaita, su zuƙe iskar kabon, kifi kuma ya samu abinci. Majalisar Old Massett, wani ƙauyen Haida, 'yan asalin tsibiran, ce ta zuba kuɗin, dala miliyan 2.5, da fatan za a sayar da takardun kabon, wato shaidar yawan kabon da aka janye daga iska wadda masu fitar da hayaƙi ke saye, a mayar. Kuɗin bai dawo ta wannan hanyar ba. Da magana ta fito fili, Majalisar Al'ummar Haida, mai magana da yawun Haida baki ɗaya, ta nisanta kanta da aikin.

Ƙauye guda ya yarda, amma tekun ba na ƙauye guda ba ne. A nan kamfanoni da yawa suke tuntuɓe har yau. Kafin a kai wa kowa takardar yarjejeniya, sai an san yadda al'ummar take yanke shawara: majalisar da gwamnati ta sani daban, shugabannin gargajiya daban, masu haƙƙin kamun kifi ko kiwo a wurin su ma daban. Tambayar da za a yi musu ita ce, "Wa ke da ikon cewa e a kan wannan wuri, kuma ta wace hanya?" Amsar takan ɗauki watanni, to a sa watannin cikin jadawali tun farko.

Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa, ta 2007, ta yi maganar yarda ta son rai, wadda aka nema tun kafin a fara aiki, bisa cikakken sani. Kanada ta kafa dokar aiwatar da ita a 2021. A ganina "tun kafin a fara" ita ce aka fi ci wa amana. In an riga an zaɓi fili, an karɓi kuɗin masu zuba jari, an yi wa mai saye alkawarin tan kaza zuwa shekara kaza, to zaman da za a yi da al'umma sanarwa ce kawai. Mai son gaskiya ya je da wurare biyu ko uku a hannu, ya rubuta ƙarara cewa in an ce a'a zai tattara kayansa.

Shi kuma cikakken sani yana cin kuɗi. Al'umma na buƙatar lauyanta da masanin kimiyyarta, waɗanda ita ta zaɓa, kamfani ya biya ba tare da sun zama yaransa ba. A faɗi adadi da harshen mutanen: lita nawa na ruwa injin zuƙar kabon zai sha, wutar daga ina, tirela nawa za ta bi hanya kowace rana. In niƙaƙƙen dutse za a watsa a gona don ya zuƙe kabon, a nuna sakamakon gwajin ƙarafa masu guba da ke cikinsa, tun da wasu duwatsun suna ɗauke da nikel mai yawa.

Sai tsawon alkawari, wanda ya fi damuna. A tsarin Kalifoniya, dajin da aka sayar da kabon ɗinsa sai an kiyaye shi shekara 100. A Amurka, rijiyar da aka ɗura kabon a cikinta ana sa mata ido shekara 50 bayan an daina ɗurawa, sai in hukuma ta amince da wani wa'adi. Ƙaramin kamfani zai iya rushewa cikin shekara biyar, mutanen kuwa suna nan, jikokinsu ma. Don haka yarjejeniya ta faɗi wanda zai ɗauki nauyi in daji ya ƙone ko rijiya ta yi yoyo, ta ware kuɗin gyara a asusun da ba ya hannun kamfani, ta kuma ɗaure duk wanda ya sayi kamfanin nan gaba da sharuɗɗan. A sa lokacin sake duba ta, misali duk shekara biyar.

Wajen rabon kuɗi, a ƙi kaso daga "riba". Akanta zai iya cinye riba da kuɗin gudanarwa har ta koma sifiri. Kaso daga jimillar ciniki ya fi, mallakar hannun jari da kujera a hukumar gudanarwa sun fi duka. Al'ummar Yurok, 'yan asali a Kalifoniya, ita ke riƙe da aikin dajinta, kuma kuɗin kabon ya taimaka mata wajen sayo ƙasar kakanninta.

Bayanai ma dukiya ce. Taswirar makabarta, wuraren ibada da mafarauta, in ta shiga kwamfutar kamfani, fitar da ita sai an sha wuya. A rubuta cewa al'umma ce mai ita, ita ke ba da izinin dubawa, kuma ranar da aka rabu za a mayar mata da kayanta a goge sauran kwafin. Hoton dattawansu da sunan al'ummar ma kada su hau tallar kamfani sai da izini na dabam, a rubuce.