Askirim ɗin da na zana ya zama tocila

Ni ba gwani ba ne, kuma da waya nake zane. Na sauke manhajar FlipaClip, na sayi ɗan alƙalamin taɓa fuskar waya a kasuwa, na ce bari in yi kartun na daƙiƙa 10: yaro ya sayi askirim, kafin ya isa gida ya narke masa a hannu. Labarin ke nan gaba ɗaya.

Da farko kwaikwayo na yi. Na zana shi yadda nake gani a kartun ɗin Turawa tun ina ƙarami, abu mai tsini kamar mazurari da dunƙule mai ruwan hoda a bisa. Na miƙa wa ɗiyar ƙanwata, 'yar shekara 6. Ta juya wayar, ta sake juyawa, ta ce, "Kawu, wagga tocila ta?"

Na ji haushi, amma da gaskiyarta. Askirim ɗin da ta sani na leda ne, wanda mai keke ke yawo da shi cikin unguwar Mabera ta Sakkwato yana matsa ham, a ciji kusurwar ledar a tsotsa. Na goge, na zana leda mai kusurwa huɗu da gurbin haƙori. Nan take ta gane.

Narkewar ce ta cinye mini lokaci. Fim na sinima hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa ɗaya, masu kartun kuwa sukan yi zane 12 su maimaita kowanne sau biyu. Ko da na bi wannan sauƙin, zane 120 ke jirana. Na yi talatin daga ka, abin ya fito kamar ana zuba fenti. Sai na sayi guda uku, na zauna a zaure da azahar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ina kallonsu suna lalacewa. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce aiki nake yi. Bai yarda ba.

Ashe ledar ce ke fara gumi. Bayan nan kusurwoyi su yi laushi, tsakiya na nan da tauri. Ɗigo kuma ba ya faɗuwa kai tsaye: yana kumbura a hankali, ya yi wuya siriri, sannan ya tsinke. Kumburin na ba shi zane shida kusa da kusa, faɗuwar zane biyu kacal masu tazara. Daga nan ne abin ya fara kama da na sha. Na ƙara wani layi yana gangarowa daga tsintsiyar hannu zuwa gwiwar hannu, domin duk wanda ya yi yarinta a garin nan ya san wannan danƙon.

Na so in saka mai fura a bayan fage, sai na gano wata matsala. Fura da nono fari ne cikin fari, ba a gane shi sai da ƙwarya da ludayi da faifai. Tuwo ba tururi dutse ne. Kilishina kuwa, wani abokina ya ce tsumma ya gani an shanya. Su Turawa sun daɗe da alamomin da kowa ya amince da su, cuku mai huda-huda, cinyar nama da ƙashi a waje. Mu namu abincin kowa sai ya nemo masa alama da kansa, kuma a ganina mazubi da hannun mai ci sun fi abincin kansa faɗin ko mene ne.

Mako uku na yi, tsakanin ɗaukewar wuta da wayar da ke zafi har ta ƙi taɓuwa. Ranar da na gama na kira ɗiyar nan. Ta kalla sau huɗu, ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Ta ce yaron wawa ne, da ya tsaya inuwa ya shanye abinsa. Sannan ta miƙo hannu, wai ta ji ham ɗin mai keke a bakin layi.