15 ga Janairu, sunayen da ke jikin ginshiƙi

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ginshiƙin ƙofar fada, mai ɗauke da sunayen sojojin garinmu da suka mutu a yaƙi, ya fito tas bana. Tsagin bara ya sake buɗewa ne don an liƙe shi a bushe. A hunturu sai an kankare wurin, a jiƙa shi sosai, a kwaɓa kwano 1 na siminti da 3 na yashi mai laushi, a yi ta yayyafa ruwa safe da yamma kwana 3. Fentin mai kuma ba ya zama a kan farar ƙasa, ɓarewa yake, sai an goge ta tukuna.

Sauka da hantsi: izu 60, mutum 30, bibbiyu. Waina da goro sun wadata.

Wajen karanta sunaye aka samu cikas. Kawu ya fara da na yaƙin Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yanzu, a yaƙin duniya na biyu), sannan na yaƙin basasa, wanda ya ƙare a rana irin ta yau a 1970. Yana cewa "Garba" haɗe da sunan garinmu, sai Inna ta ɗaga murya daga cikin mata.

"Malam, wane Garban? Na gidanmu ko na gidan Sarkin Fawa? Su biyu suka tafi, ba wanda ya dawo."

"Hajiya, haka Bature ya rubuta."

"To addu'ar wa za ta samu?"

Liman ya ce Allah Ya san bayinSa, aka shafa. Amma Inna ba ta yi ƙarya ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka soja a lokacin da sunan gari aka rubuta su, ba da sunan uba ba. Lambar soja ce kawai ke raba Garba da Garba. Mutanenmu na runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan a ƙasar Bama, suka kai Myohaung a Janairun 1945. Waɗanda ba a san kabarinsu ba, sunayensu na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Mu da muka haife su ko sunan uba ba mu ƙara musu ba.

Abin ya tsaya mini a rai har la'asar. Akwai fili a gefen ginshiƙin na yamma, zai ɗauki sunan uba, gida da lamba. Na ajiye littafi da biro. Gobe in Allah Ya kai mu gidan Inna zan fara, ita kaɗai ta rage da ta ji sunan iyayensu daga bakin waɗanda suka raka su tashar jirgi.