Matakalar da Teku Ke Busawa a Zadar

Daga Zagreb na shiga bas da safe, tafiyar kusan awa uku da rabi ta sauke ni a Zadar, a gaɓar tekun Adriyatik ta ƙasar Kuroshiya. Daga tasha na taka zuwa tsohon gari, na bi bakin ruwa har inda ƙasa ta ƙare. Kunne ya riga ido isa wurin: wani amo mai zurfi ne ke tashi daga ƙarƙashin ƙafa, kamar ana busa manyan sarewa a cikin rijiya.

A ido, matakalar farin dutse ce kawai mai tsawon mita 70 da ke gangarawa cikin ruwa. Nikola Bašić ne ya zana ta, aka buɗe ta a watan Afrilun 2005. Aikin yana ƙasa. An binne bututu 35 na roba mai tauri, wadda ruwan gishiri ba ya sa ta tsatsa, an kasa su gida bakwai, biyar-biyar. Bakin kowane bututu yana cikin teku. Idan igiyar ruwa ta bugo, ruwan ya kutsa ciki ya tura iskar da ya tarar, ita kuma ta matse ta bi ta wani usur da ke can sama, sautin ya fito ta hudojin da aka jera a dutsen. Tsawo da faɗin bututun sun bambanta, shi ya sa kowanne da muryarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ƙafar mutum ce ke zaɓar masa waƙa. Taku goma sha, sautin ya sauya, domin ka bar wani gida ka shiga wani. Na durƙusa na kai tafin hannu bakin wata huda, na ji iska mai danshi tana hura shi tana janyewa. Can jirgin fito ya gifta, bayan ɗan lokaci igiyarsa ta iso, matakalar duka ta ɗauka gaba ɗaya.

Ranar da teku ya kwanta luf, da ƙyar za ka ji komai. Da faɗuwar rana kuma surutun jama'a kan danne ƙananan muryoyin, don a lokacin ne ake taruwa kallon faifan gilashi mai faɗin mita 22 da ke gefe, wanda ke shan hasken rana ya kunna fitilu da dare. Saboda haka na dawo da asuba, iska tana kaɗawa, na zauna a matakala ta sama daf da hudojin.