Kan famfon da na sayo a Maigatari

Daren jiya na dawo daga Maigatari, har yanzu ƙurar kasuwar ba ta gama fita daga rigata ba. Rago na je nema ranar Alhamis, ranar da kasuwar ke ci. Bayan mun wuce Gumel wani jami'i a shingen hanya ya sauke mu duka, yana ta daka mana tsawa kamar mun ci masa bashi. Ko sallamarmu bai amsa ba.

Raguna sun yi tsada, gaskiya bambancinsu da na Kano bai kai kuɗin motar da na kashe ba. Sai na zaga wajen 'yan koli, na ci karo da kawunan famfo suna ta ƙyalli. Yaron ya ce dubu huɗu, na taya biyu, ya sallama nan take. Da ma tun daga nan ya kamata jikina ya ba ni.

A wani ƙauye kusa da Gumel na kwana, gidan wani dattijo abokin mahaifina wanda ya yi shekaru yana aikin masana'anta a Bompai. Tuwon gero da miyar kuka aka kawo, da man shanu wanda a Kano sai dai ka ji labarinsa. Da na nuna masa cinikina, ya auna shi a tafin hannu, ya kankare gefe da makulli. Sai ga farar roba.

"Ɗana, riga aka sa mata," in ji shi.

Na ce, "To Baba, ba tutiya ba ce irin ta kwanon rufi?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi kwano tsoma shi ake yi cikin narkakkiyar tutiya, ita kuwa ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 420, roba ta shiga nan ai ta zama kunu. Kuma wutar lantarki, wadda da ita ake liƙa rigar ƙarfen, ba ta bin roba, don haka sai an fara cin fuskarta da sinadari ta yi kaushi, a shimfiɗa mata siririn jan ƙarfe ko nikel, sannan wani ƙarfen ya kama. Mai ƙyalli irin nawa yawanci wani ƙarfe ne da ake kira kurom. Ita tutiya a kan roba fesa ta ake yi: wayoyi biyu na tutiya, wuta ta narkar da bakinsu, iska mai ƙarfi ta watsa ta a jikin murfin roba na na'urar lantarki, ta ciki. Toka-toka take fitowa, ba ado ba ce, aikinta tare igiyoyin lantarki masu yawo a iska, irin na rediyo, kada su dagula na'urar. Ya nuna min bokitin rijiyarsa, ya ce a jikin ƙarfe kuwa tutiyar ce ke fara cinyewa don kada tsatsa ta taɓa na ƙasa.

Ni da nake ganin mu 'yan birni ne masu ido, a kan tabarma aka karantar da ni.

Da safe ya haɗa ni da ƙullin riɗi, ya ƙi karɓar ko sisi. Motar dawowa ta yi faci sau biyu kafin Gezawa. Ragon dai ban saya ba, famfon kuma maiɗakina ta ce a ɗaura shi a randar roba ta tsakar gida.