Portsmouth da Ciwon da Ya Ƙarar da Mutanen Teku

Daga tashar Waterloo ta Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Portsmouth. Tashar ƙarshe a bakin ruwa take, kuma tafiyar 'yan mintoci a ƙafa ce ta kai ni inda aka ajiye HMS Victory, jirgin yaƙin da Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar na 1805.

Jama'a sun fi cunkuso wajen bindigogi. Ni ƙasa na gangara, inda sai ka sunkuya don kada katako ya fasa maka goshi. Mutum sama da 800 suka rayu cikin jirgin nan, kowa da faɗin inci 14 da zai rataye ragar kwanciyarsa. Abincinsu naman da aka jiƙa da gishiri, busasshen wake, da biskit mai tauri wanda ƙwari kan cinye cikinsa. A zamanin jiragen iska haka ake yin watanni a teku ba ganye ba ɗanyen 'ya'yan itace, kuma daga nan ciwon sikabi yake shiga. Rashin bitamin C ne. Mutum ya fara da kasala, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi ta girgiɗi har su zube, tsohon rauni da ya warke da daɗewa ya sake buɗewa. Na tsaya cikin duhun nan ina tunanin saurayin da ƙafafunsa suka kumbura, ga guguwa, ga shi an ce ya hau igiya ya naɗe ƙyallen jirgi. Tausayi ya kama ni ƙwarai.

Daga wannan gaɓar George Anson, wani kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya tashi da ayarin jiragen yaƙi a 1740 da mutum kusan 1,900. Kafin ya dawo a 1744, wajen 1,400 sun mutu, akasarinsu cuta da yunwa suka kashe su, sikabi a kan gaba.

Da la'asar na shiga ƙaramin jirgin fito na haye Gosport, don in ga ginin asibitin sojan ruwa na Haslar. Nan likita James Lind ya yi aiki tun daga 1758. Shi ne a 1747, cikin jirgin Salisbury, ya ɗauki marasa lafiya 12 ya kasa su biyu-biyu. Wasu ya ba su giyar tuffa, wasu har ruwan teku. Biyun da suka samu lemun zaƙi da lemun tsami su suka farfaɗo, ɗaya ma ya koma bakin aiki bayan kwana shida. Ya buga littafi a kai a 1753.

Abin da ya ci mini rai a hanyar dawowa shi ne jinkirin. Sai a 1795 hukumar sojan ruwan Birtaniya ta amince a riƙa raba wa jiragenta ruwan lemun tsami, bayan rayuka masu yawa sun salwanta a tsakani. Lind kuwa ya rasu a Gosport a 1794.