Yadda na haɗa ayarin mutum shida a wasan Wizardry

Wasan Wizardry na farko ya fito a shekarar 1981 a Amurka, Andrew Greenberg da Robert Woodhead ne suka rubuta shi don kwamfutar Apple II, kamfanin Sir-Tech kuma ya fitar da shi. Ko da yake an sabunta shi a 2024, ni tsohon na zaɓa in buga, da ƙa'idojinsa na asali masu tsanani. Labarinsa gajere ne: matsafi Werdna ya sace layar sarki Trebor ya shige kurkukun ƙarƙashin ƙasa mai hawa 10, kai kuma za ka haɗa ayarin da bai wuce mutum shida ba su bi shi su ƙwato ta.

Ayarina na farko mayaƙa huɗu ne da matsafa biyu, domin a ganina ƙarfin bugu shi ne komai. Ban daɗe ba na gane cewa mutum uku na gaba ne kaɗai ke iya kai sara, don haka mayaƙina na huɗu yana tsaye ne a baya da takobinsa ba ya tsinana komai. Abin da ya fi wannan muni shi ne ba ni da mai warkar da rauni, ba ni kuma da mai kwance tarkon akwati. Wani akwati da muka samu bayan faɗa ya soki babban mayaƙina da allurar guba, gubar tana cinsa da kowane taku, har ya faɗi kafin mu kai matakalar fita. Na kai gawarsa Haikalin Cant na biya zinariyar da muka tara, amma tayar da shi bai yiwu ba, ya zama toka. Ran nan na daɗe zaune ina kallon sunansa a allo.

Da na sake zama don haɗa ayari, sai na daina tambayar wa ya fi ƙarfi, na koma tambayar wace matsala ce za ta same mu a ƙasa, kuma wa zai magance ta. Na sa mayaƙa biyu da firist ɗaya, wato malamin addu'a, a gaba, saboda firist yana iya sa sulke ya riƙe kulki, ga shi kuma da addu'ar DIOS mai warkar da rauni. A baya na jera ɓarawo da matsafa biyu. Nan ma akwai ƙa'idar da ta tsayar da ni: masu halin kirki da mugaye ba sa yarda su shiga ayari ɗaya a mashayar Gilgamesh, inda ake haɗa ayari, ɓarawo kuwa ba ya zama mai halin kirki. Mafita ita ce in yi shi ɗan ba-ruwanmu, wanda ke tafiya da kowa.

Ɓarawon nan shi ne na fi yin jayayya da kaina a kansa. A lokacin faɗa ba ya yin komai in ban da kare kansa, kuma sau da yawa na ji kamar in sallame shi in kawo matsafi na uku. Amma duk akwatin da muka tarar, shi ne ke duba irin tarkon da ke ciki ya kwance shi, kuma daga waɗannan akwatuna ne kayan yaƙi masu kyau suke fitowa, irin waɗanda ba a samu a shagon Boltac. Idan na yi shakkar abin da ya faɗa, sai firist ya tabbatar da addu'ar CALFO kafin a taɓa murfin. Haka kuma na lura cewa idan wani na gaba ya mutu ko jikinsa ya shanye, mutum na huɗu ne ke matsowa sahun gaba, saboda haka ban ƙara ajiye matsafi a wannan gurbi ba, tunda riga kawai yake sawa, bugu ɗaya ya ishe shi.

Matsafan ma na koyi amfani da su ta wata hanya dabam. A hawan farko sihirin KATINO, mai sa abokan gaba barci, ya fi ceton rayuka fiye da duk wani sihirin wuta, DUMAPIC kuma ke gaya mini inda nake idan taswirar da nake zanawa a takarda mai gida 20 tsaye 20 kwance ta rikice. Na ɗauki al'adar juyawa gida da zarar addu'o'in firist sun ragu zuwa rabi, ko da kowa yana da lafiya, domin idan ayari ya hallaka gaba ɗaya gawarwakin suna nan inda suka faɗi, sai an haɗa wani ayarin ya sauka ya ɗauko su.

Daga baya na maye gurbin matsafi ɗaya da bishop, wato mai haɗa sihirin matsafi da addu'ar firist, wanda ke gane kayan da muka tsinto ba tare da mun biya Boltac ba, ko da yake koyon sihirinsa yana tafiya a hankali ƙwarai. Da wannan ayarin na sauka hawa na huɗu, kuma har yanzu ɓarawon yana gurbinsa.